Yaya za a daidaita hukunci madawwami da nagartar Allah?

Malamar Ajin Matasa ta rubuta:

Salama a gare ku, iyayena da 'yan'uwana cikin Almasihu. Ina koyar da ajin matasa a ikkilisiyarmu da ke kudancin jihar Katsina, kuma karatunmu ya kawo mu ƙarshen Matiyu sura 25, inda Ubangiji ya raba tumaki da awaki, ya ce waɗansu za su shiga hukunci madawwami, masu adalci kuwa su shiga rai madawwami. Tambayar da na kawo muku tawa ce kafin ta zama ta matasan, domin ba na son in tsaya a gabansu in faɗi abin da zuciyata ba ta natsu da shi ba.

Ba na musun cewa akwai ranar shari'a, ba na kuma musun cewa zunubi ya cancanci hukunci. Inda na tsaya shi ne batun ma'auni. Zabura 90 ta ce kwanakin mutum shekara 70 ne, ko 80 in yana da ƙarfi, saboda haka duk muguntar da zai aikata tana da farko tana da ƙarshe. Allah da kansa, sa'ad da ya ba Isra'ila dokoki, ya sa wa horo iyaka: a Fitowa 21 ya ce ido a bakin ido, wato kada ramuwa ta wuce ɓarnar da aka yi, a Maimaitawar Shari'a 25 kuma ya hana alƙali ya sa a yi wa mai laifi bulala fiye da 40, don kada a wulaƙanta shi a idon 'yan'uwansa. To, Allahn da ya damu da mutuncin mai laifi har ya ƙidaya masa bulala, yaya za a ce shi ne kuma zai riƙe mutum cikin azabar da ba ta da ranar ƙarewa, azabar da ba ta gyara shi, ba ta kuma kai shi ga tuba?

Abin ya ƙara mini nauyi domin da yawa daga cikinmu daga gidajen Maguzawa muka fito, kakanninmu sun mutu tun bishara ba ta iso ƙauyukansu ba, kuma matasan sun san haka sarai. A wasu tarurrukan farkawa nakan ji mai wa'azi yana kwatanta wutar Jahannama dalla-dalla, da murya mai ɗagawa, har mutum ya rasa inda ƙaunar Allah ta shiga cikin zancen. Ina roƙon waɗanda suka fi ni sani su bayyana mini yadda ikkilisiya ta fahimci wannan al'amari tun dā, da kuma abin da ya kamata a koya wa yaran da suka fara tunani da kansu. Amsar da ake yawan ba mu, cewa ba a yi wa Allah tambaya, ba ta ishe su ba.

Baba Fasto Mai Ritaya ya amsa:

'Yata, Ubangiji ya sa miki albarka saboda wannan tambaya. Ki sani tun farko cewa ba ki yi saɓo ba, gama Ibrahim ya tsaya a gaban Allah a kan batun Saduma, ya tambaya ko Mai shari'ar dukan duniya ba zai yi adalci ba, Allah kuwa bai tsauta masa ba, ya saurare shi tun daga mutum 50 har zuwa 10.

Tambayar taki ta daɗe a cikin ikkilisiya. Agustin, bishof na Hippo, garin da a yau ake kira Annaba a ƙasar Aljeriya, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya keɓe kashi na 21 na babban littafinsa a kan Birnin Allah don wannan batu, ya kuma ambaci Kiristocin zamaninsa masu taushin zuciya waɗanda ba su yarda azaba za ta dawwama ba. Bai ɗauke su abokan gāba ba, ya dai ga sun yi kuskure. Hujjarsa ta fari ita ce ayar da kika tsaya a kanta: Ubangiji ya faɗi dawwamar hukunci da dawwamar rai a numfashi ɗaya, saboda haka wanda ya sa wa ɗaya iyaka ya girgiza ɗayan ma. Game da ma'auni kuwa, ya nuna cewa ko a kotunan mutane ba a auna horo da tsawon lokacin da aka ɗauka ana aikata laifi, domin kisan kai yakan faru cikin ƙiftawar ido, amma ba wanda ya ce a tsare mai kisan na ƙiftawar ido kawai. Nauyin laifin ake dubawa.

Daga baya Anselm na Kantabari, wanda ya rasu a 1109, da Tomas Akwinas, wanda ya rasu a 1274, sun ƙara da cewa nauyin laifi yana tafiya da girman wanda aka yi wa. Wannan ba baƙon tunani ba ne a ƙasarmu, domin kowa ya san marin abokin wasa daban yake da marin sarki a fadarsa, ko da hannu ɗaya ne ya yi duka biyun. Idan kuwa wanda aka saɓa wa shi ne Allah marar iyaka, in ji su, laifin ya ɗauki nauyi marar iyaka. Hujjar tana da ƙarfinta, amma ba a kanta nake kafa ƙafata ba.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne cewa Littafi Mai Tsarki bai taɓa nuna mana mutum yana tuba a Jahannama, Allah kuma yana toshe kunne ba. Ki sake karanta labarin mai arziki da Li'azaru a Luka 16 a hankali. Mai arzikin yana shan azaba, amma bai nemi gafara ba, bai ce ya zalunci matalaucin da ya kwanta a ƙofarsa karnuka suna lasar miyakunsa ba. Abin da ya nema shi ne a aiko Li'azaru ya sanyaya masa harshe, da aka hana kuma ya ce a aiki Li'azaru gidan ubansa. Har a can yana kallon Li'azaru a matsayin ɗan aike. A Wahayin Yahaya 16 ma, mutanen da annoba ta sauko wa sun zagi sunan Allah, an kuma faɗa sau biyu cewa ba su tuba ba. Saboda haka ni a fahimtata, maganar ba ta zunubin shekara 70 da aka biya da azabar har abada ba ce kurum. Zuciyar da ta ƙi Allah tana ci gaba da ƙinsa, hukuncin kuma yana ci gaba tare da ita. Marubucin nan na Ingila, C. S. Lewis, ya faɗi wannan a 1940 da cewa ƙofofin Jahannama daga ciki aka kulle su. Allah yana ba mutum abin da ya nace a kai, wato zama ba tare da shi ba, kuma tun da shi ne tushen kowane haske da salama da zumunci, rabuwa da shi ita ce azabar da ta fi kowace.

Sai kuma abin da masu wa'azin farkawa sukan tsallake, wanda ya shafi kakanninku kai tsaye. Hukuncin ba ɗaya ba ne ga kowa. A Luka 12 Ubangiji ya ce bawan da ya san nufin maigidansa ya ƙi yi zai sha dūka da yawa, wanda bai sani ba kuwa zai sha kaɗan. A Matiyu 11 ya ce a ranar shari'a za a fi sauƙaƙa wa Taya da Sidon da Saduma a kan Korasinu da Betsaida da Kafarnahum, garuruwan da suka ga ayyukansa da idanunsu. Bulus kuma a Romawa 2 ya ce waɗanda ba su da Shari'ar Musa ba za a hukunta su da Shari'a ba, lamirinsu ne zai ba da shaida. Ashe Allahn da ya ƙidaya bulala 40 bai daina ƙidaya ba. Mafi tsananin gargaɗin Yesu ya faɗo ne a kan masu addini da suka ji suka ƙi, wato a kan irinmu da muke zaune a majami'a kowace Lahadi.

Wannan ba ya nufin a ce kowa zai tsira ta kowace hanya. Byang Kato, ɗan Kwoi kuma malamin ikkilisiyar ECWA, wanda ya zama babban sakataren ƙungiyar masu bishara ta Afirka da Madagaska a 1973, ya rasu a teku kusa da Mombasa a Disamba 1975, ya yi gargaɗi mai ƙarfi a kan koyarwar ceton kowa da kowa, domin ya ga tana kashe dalilin kai bishara, tana kuma mai da gicciye abin da ba dole ba. Ina tare da shi a wannan. Amma ki koya wa matasanki su riƙe Ezekiyel 33:11 a hannu ɗaya duk lokacin da suke riƙe da Matiyu 25 a ɗayan, gama a can Allah ya rantse da ransa cewa ba ya jin daɗin mutuwar mugu.

Ɗalibin Tauhidi ya amsa:

Baba, na gode da wannan bayani, kuma da izininka zan kawo inda na bambanta, ba don na fi ka sani ba, sai don Malama ta ga cewa masu bi na gaskiya sun yi saɓani a nan.

Hujjar girman wanda aka yi wa laifi ta fi dacewa da tsarin sarauta na zamanin Anselm fiye da dokar Musa. Littafin Firistoci 24:22 ya ce doka ɗaya ce ga baƙo da ɗan ƙasa, sura 19 kuma ta hana alƙali ya duba fuskar babba ko ta talaka. Ban da haka, ko a fada ana la'akari da wanda ya yi laifin, domin ba a yi wa yaro ko wanda bai san sarki ba hukuncin da za a yi wa bafade. Mutum mai iyakar sani da iyakar ƙarfi, da wuya a ce ya ɗauki laifi marar iyaka. Kuma idan kowane zunubi marar iyaka ne, to bambancin dūka mai yawa da dūka kaɗan da Baba ya kawo daga Luka 12 ya rasa wurin zama.

Akwai fahimta ta biyu da ta daɗe, ko da yake masu riƙe da ita ba su kai na farko yawa ba. Ita ce cewa rashin mutuwa ba halin ɗan Adam ba ne tun asali, kyauta ce da Allah yake bayarwa cikin Almasihu. 1 Timoti 6:16 ta ce Allah ne kaɗai marar mutuwa. Romawa 6:23 ta sa mutuwa a gefe ɗaya, rai madawwami a ɗayan. Yahaya 3:16, wadda kowane yaro a ajin Malama ya haddace, ta sa hallaka a gefe ɗaya, rai a ɗayan. A Matiyu 10:28 Ubangiji ya ce a ji tsoron wanda yake da iko ya hallaka rai da jiki duka a Jahannama. Tsutsar da ba ta mutuwa da wutar da ba a kashewa, waɗanda Markus 9 ya ambata, daga ayar ƙarshe ta Ishaya aka ɗauko su, a can kuwa gawawwaki suke ci, ba rayayyu ba. Wasiƙar Yahuza ta ce Saduma da Gwamrata sun zama misalin hukuncin wuta madawwamiya, alhali 2 Bitrus 2:6 ta ce toka suka zama. A wannan fahimta, marasa tuba za su tashi, a yi musu shari'a, kowa ya sha gwargwadon aikinsa, sa'an nan su hallaka ƙaf, hukuncin kuma madawwami ne domin ba a juya shi har abada.

Arnobiyus, marubucin Kirista na garin Sikka a ƙasar Tunisiya ta yau, ya koyar da irin wannan wajen shekara ta 300. A zamaninmu John Stott, malamin Anglikan ɗan Ingila, wanda ya jagoranci rubuta Alkawarin Lausanne a babban taron masu bishara na 1974, taron da Byang Kato ma ya yi jawabi a cikinsa, ya bayyana a 1988 cewa ya karkata ga wannan fahimta, ko da yake da taka-tsantsan, ya kuma ce abin da zai yanke maganar shi ne Nassi, ba abin da zuciyarsa take ji ba. A shekara ta 2000 ƙungiyar masu bishara ta Birtaniya ta fitar da rahoto da ya amince cewa wannan ra'ayi ne na 'yan tsiraru a cikin masu bishara, ya kuma ƙi koyarwar ceton kowa da kowa. Ba zan ɓoye ba cewa Wahayin Yahaya 14:11 da 20:10, masu maganar hayaƙin azaba da rashin hutu dare da rana, suna da wuya ga wannan fahimta, ko da yake masu ita suna nuna cewa Ishaya 34 ya yi maganar hayaƙin Edom da ke tashi har abada, Edom kuwa ba ta ci da wuta a yau.

Hanya ta uku ita ce ta Orijen na Iskandariya da Giregori na Nisa, waɗanda suka sa zuciya cewa wutar Allah mai tsarkakewa ce, kuma a ƙarshe za a maido da dukan halitta. An la'anci koyarwar Orijen a 543 a zamanin sarki Jastiniyan, aka kuma haɗa sunansa da waɗanda babbar majalisar ikkilisiya ta Kustantiniya ta 553 ta ƙi, Giregori kuwa har yau ana girmama shi a matsayin uban ikkilisiya. Ban bi su ba, amma ayar da suka dogara da ita tana damun fahimtar Baba. Idan marasa tuba za su ci gaba da zagin Allah har abada, to zunubi ma ya zama madawwami, a wani lungu na halitta tawaye bai ƙare ba ke nan. Yaya wannan zai zauna da 1 Korantiyawa 15:28, inda aka ce Allah zai zama kome cikin kome?

Mama daga Michika ta amsa:

'Ya'yana, ni ban yi makarantar tauhidi ba, a zumuntar mata na yi hidimata, amma ina so in ƙara abin da ban ji kowa ya faɗa ba tukuna. Kuna duban wannan magana daga wajen wanda za a hukunta, ni kuwa na koyi dubanta daga wajen wanda aka zalunta.

A 2014 'yan ta'adda sun mamaye garuruwanmu, a watan Oktoba na shekarar kuma suka kama hedkwatar ikkilisiyarmu ta EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, da ke Kwarhi. Bayan mun dawo na zauna da gwauraye da yawa, mata da aka kashe mazajensu a gabansu, waɗansu kuma har yau ba su san inda aka binne 'ya'yansu ba. Ɗaya daga cikinsu takan zo addu'a da hular mijinta a ƙulle a gefen zaninta, domin ita kaɗai ta samu ta ɗauka. Yawancin waɗanda suka yi wannan aiki ba su taɓa tsayawa gaban wani alƙali ba, ba kuwa za su tsaya ba a duniyar nan. Idan aka ce wa irin wannan mace Allah nagari ne, amma a ƙarshe ita da wanda ya yanka mijinta bai kuma tuba ba za su zama ɗaya, to an ɗauke mata ma'anar nagarta gaba ɗaya. A Wahayin Yahaya 6 rayukan waɗanda aka kashe suna kuka a ƙarƙashin bagade, suna tambaya sai yaushe za a bi hakkin jininsu, ba a kuwa tsauta musu ba, an ba su fararen riguna aka ce su ƙara haƙuri kaɗan.

Ikkilisiyarmu tana koyar da cewa Kirista ba ya ɗaukar makami don ramuwa, kuma na ga da idona abin da ya ba samarinmu ƙarfin ajiye fushinsu. Romawa 12:19 ce, inda aka ce kada mu rama, domin ramuwa ta Ubangiji ce. Wani malamin tauhidi ɗan Kuroshiya, Miroslav Volf, wanda ƙasarsa ta sha yaƙi, ya rubuta a 1996 cewa ƙin ramuwa yana bukatar gaskatawa cewa Allah zai yi shari'a, wannan kuwa mu mun san shi tun ba mu ji sunansa ba. Waɗannan matan kuma su ne suke addu'a makasan su tuba, suna tuna cewa Shawulu mai tsananta wa ikkilisiya shi ya zama Bulus. Ba su ga saɓani tsakanin roƙon tuba da jiran shari'a ba. Batun ko azabar za ta dawwama ko za ta ƙare da hallaka, na bar wa Baba Fasto da ɗana ɗalibi, abin da na tsaya a kai shi ne cewa shari'ar Allah tana cikin nagartarsa.

Malamar Ajin Matasa ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Baba, Mama, da kai ɗan'uwana. Maganar bambancin hukunci da maganar hakkin wanda aka zalunta sun warware mini da yawa. Amma akwai abin da ya rage, kuma shi ne mafi nauyi. Allah ya san ƙarshen kowa tun kafin ya halicce shi. Idan ya san wani zai ƙi shi har abada, ko dai ya dawwama cikin azaba ko ya hallaka, me ya sa ya halicce shi? Wanda ba a halitta ba bai yi asarar kome ba. Sa'an nan Wahayin Yahaya 21:4 ta ce Allah zai share dukan hawaye, to uwar da ta shiga rai alhali ɗanta ya ɓata, ta yaya hawayenta za su bushe, in ba an shafe mata tunani ko an rage mata ƙauna ba?

Katikis daga Kafanchan ya amsa:

'Yar'uwa, ni ɗan Katolika ne, kuma zan fara da abin da ikkilisiyata take koyarwa kafin in zo ga tambayoyinki biyu. Katikisim, wato littafin koyarwar Katolika, da aka fitar a 1992 ya tabbatar a sashe na 1035 cewa Jahannama tana nan kuma madawwamiya ce, babbar azabarta kuwa ita ce rabuwa da Allah. Sashe na 1033 ya kira ta halin wanda ya fitar da kansa daga zumunci da Allah fitarwa ta ƙarshe, sashe na 1037 kuma ya ce Allah bai ƙaddara wa kowa shiga Jahannama ba. A nan muna kusa ƙwarai da abin da Baba Fasto ya faɗa. Akwai kuma abin da nake so matasanki su lura da shi: ikkilisiya ta ambaci sunayen tsarkaka masu yawa da ta tabbata suna tare da Allah, amma ba ta taɓa yanke hukunci a kan wani mutum da sunansa cewa yana cikin wuta ba. Ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu ya sami alkawarin Firdausi a sa'arsa ta ƙarshe, jama'ar da ke tsaye a wurin kuwa ɓarawo kawai suka gani yana mutuwa. Abin da ke wucewa tsakanin rai da Mahaliccinsa a bakin mutuwa ba a ba fasto ko firist ikon ganinsa ba. Saboda haka Hans Urs von Balthasar, malamin tauhidin Katolika wanda ya rasu a 1988, ya ce an yarda Kirista ya sa zuciya ya kuma yi addu'a domin kowa, muddin bai mai da sa zuciyar ta zama koyarwa cewa lalle kowa zai tsira ba. An soke shi a kan haka, amma 1 Timoti 2 ta umarce mu mu yi addu'a domin dukan mutane, ta kuma ba da dalili cewa Allah yana so kowa ya sami ceto.

Game da dalilin halitta, amsar da na fi ganin ƙarfinta ita ce Allah ya nufa ya yi halittun da za su ƙaunace shi da yardarsu, kuma yardar da ba za ta iya zama ƙi ba, ba yarda ba ce. Sanin Allah bai tilasta wa kowa ba, yana ganin zaɓin ne yadda mai shi zai yi shi. Da a ce zai halicci waɗanda ya san za su amsa kaɗai, da mai ƙi ya sami ikon hana wanzuwar 'ya'ya da jikokin da za su fito ta tsatsonsa su kuma amsa, gama 'yan Adam sarƙe suke da juna, asalin Yesu kansa a Matiyu sura 1 ya bi ta kan miyagun sarakuna irin su Ahaz da Amon. Wannan amsa ba ta ɗauke dukan nauyin ba, abin da ya sa nake iya ɗaukar sauran shi ne cewa wanda ya buɗe wannan hanya mai haɗari bai tsaya daga nesa ba. A kan gicciye ya yi kukan wanda Allah ya yashe, kuma Yahaya 5:22 ta ce shi ne aka danƙa wa dukan shari'a.

Tambayar uwa da ɗanta ta fi wuya. A cikin rubuce-rubucen Akwinas an ce tsarkaka za su ga hukuncin ɓatattu su yi murna da adalcin Allah da ke cikinsa, ba da azabar kanta ba. Ina girmama shi, amma ba haka zan faɗa wa matasa ba, domin Yesu ya yi kuka a kan Urushalima a daidai lokacin da yake faɗin hukuncinta, Bulus kuma a Romawa 9 ya ce da ma a la'anta shi saboda 'yan'uwansa. Ban yarda za a rage wa uwar ƙauna ba, gama sama ba ta mai da mutum ƙasa da yadda yake. Ishaku na Nineba, malamin ikkilisiyar Gabas a ƙarni na 7, ya koyar cewa ƙaunar Allah ba ta yanke wa waɗanda ke Jahannama ba, ita ce ma take yi musu zafi domin sun san sun yi mata laifi. Idan haka ne, uwar za ta ga cewa an ƙaunaci ɗanta fiye da yadda ita ta iya, an bi shi har iyakar inda za a iya bin mai 'yanci, ba a kuma ɗora masa ko ƙwayar abin da bai cancanta ba.

Ga ɗan'uwana ɗalibi kuma ina da tambaya, domin ayoyin da ya kawo sun cancanci a zauna a kansu. Ya ce dawwamar tawaye ba ta dace da Allah ya zama kome cikin kome ba, amma Filibiyawa 2 ta ce kowace gwiwa za ta durƙusa, har da na ƙarƙashin ƙasa, wanda ke nuna cewa ana iya karya tawaye ba tare da an shafe mai tawayen ba. Daniyel 12:2 kuma ta ce waɗansu za su farka zuwa rai madawwami, waɗansu zuwa kunya da ƙasƙanci madawwami. Ina so ya bayyana mana yadda wanda ya daina wanzuwa zai ji kunya, da kuma dalilin da ya sa yake ganin shafe mutumin da aka yi cikin kamannin Allah ya fi dacewa da nagartar Allah a kan barinsa da ransa.